Motar Lantarki: Tsabta Ce ta Gaske, Ko Hayaƙin Ne Ya Sauya Mazauni?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lissafin duk wani mai abin hawa a Najeriya ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta tsallake naira dubu a gidajen mai da dama. Daga nan ne maganar motar lantarki ta baro tarukan manyan otal-otal na Abuja ta shigo tasha da majalisar unguwa. A Disamban 2023 aka ƙaddamar da tasi-tasi masu amfani da lantarki da gwamnatin Babagana Zulum ta sayo wa Maiduguri, garin da tun kafin haka Mustapha Gajibo yake cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. A 2021 ma hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin tana hannun Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta kafa tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Maganar dai ta daina zama labarin Turai.

Gaskiya yawancinmu aljihu ne ya kawo mu gare ta, ba tausayin muhalli ba. Amma masu tallata ta a duniya da sunan muhalli suke tallata ta, masu sukarta ma ta nan suke ɓullo mata. Kowane ɓangare kuwa yana da abin riƙewa.

Masu goyon baya daga salansa suke farawa. Su ce je ka tsaya a Bata, cikin Kano, da yammacin wata ranar hunturu, lokacin da 'yan kasuwar Sabon Gari suke tashi. Adaidaita sahu sun cushe hanci da hanci, tsofaffin bas-bas na tuƙa hayaƙi shuɗi, hazo ya danne komai ya hana shi tashi sama. Mai suyar awara a bakin titi tana shaƙa, jaririn da ke bayanta yana shaƙa, mai ba da hannu da ya yini a tsakiyar hanya ya koma gida da kaki baƙi. Motocin nan galibi sai da suka gama rayuwarsu a Turai da Amurka kafin su biyo ta Kwatano. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu kusan miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Ga kuma wata ta'ada tamu: matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, sau da yawa ana fasa salansar a ƙwaƙule ta a sayar, saboda akwai ƙarafa masu tsada a cikinta. Motar da aka yi wa haka, gubarta tsirara take fitowa. Man ma kansa ya daɗe yana da matsala: rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke turo wa Afirka ta Yamma man da sinadarin sulfa ya yi masa yawan da ba za a yarda a sayar da shi a ƙasashensu ba. Motar lantarki ba ta da salansa ko kaɗan. A titin da ake da cunkoson mutane, wannan kaɗai riba ce da babu mai iya musun ta.

Hujjarsu ta biyu ta injin ce. Duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana sakin iskar kabon kusan kilo 2.3, iskar da ke kan gaba wajen ɗumamar duniya. Kuma abin takaici, mafi yawan ƙarfin da ke cikin litar ba ya kaiwa taya. Kusan kashi uku cikin huɗu zafi yake zama, ya bi lagireto da salansa ya tafi, shi ya sa ba ka iya dafa bonet bayan tafiya daga Kano zuwa Zariya. Injin lantarki kuwa mafi yawan wutar da aka ba shi tafiya take zama, in an taka birki ma yana mayar da wani abu cikin batir. Ba ya buƙatar juyen baƙin mai, balle a zubar da tsohon man a kwata kamar yadda ake yi a garejojinmu.

To, masu suka ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne: kun kalli bayan mota, ku zo ku kalli ƙarƙashinta.

Batirin motar lantarki ba irin wanda ke tayar da Golf ba ne. Shimfiɗeɗɗen akwati ne da ke ƙarƙashin kujeru, nauyinsa ya kai kilo ɗari uku zuwa ɗari biyar a mota madaidaiciya, kuma cike yake da ma'adinan da sai an tona ƙasa: litiyom, nikel, kobalt, jan ƙarfe. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, musamman yankin Kolwezi, inda baya ga manyan kamfanoni ake da dubban masu haƙa da diga da shebur, suna shiga ramukan da ba su da tokari. Rahoton Amnesty International na 2016 ya nuna yara ƙanana a cikin wannan aiki. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ɗaya daga cikin wurare mafi bushewa a duniya, ruwan gishiri ake zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi wata da watanni don a tace litiyom, mazauna wurin kuma sun daɗe suna kuka kan ruwansu. A tsibirin Sulawesi na Indunusiya, daji ake sharewa don nikel, a narka shi da wutar da aka samar daga kwal.

Mu mutanen Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan abin da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba take jawowa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka su a turmi, ƙurar na sauka kan tabarma da kwanon abinci. Yanzu kuwa litiyom ɗin ya zo gida. An buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa a 2024, kuma a ƙarshen shekarar kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ba da rahoton yara 'yan shekarun firamare da ke tsintar dutsen a haramtattun ramuka a jihar. Mai suka yana da haƙƙin ya tambaya: iskar wa aka tsabtace, huhun wa aka bayar?

Akwai kuma abin da masana ke kira bashin farko. Ƙera motar lantarki ya fi ƙera ta fetur fitar da iskar kabon, saboda batirin. Ranar da aka fito da su biyun daga masana'anta, ta lantarkin ce ta fi laifi. Sai ta yi tafiya mai yawa kafin ta biya wannan bashi, saurin biyan kuma ya dogara ne da inda wutar cajinta ta fito.

A nan ne nake ganin mai suka ya fi ƙarfi a ƙasarmu, kuma a nan ne 'yan talla suke saurin wucewa.

Ƙasashen da ake buga misali da su suna da wuta, kuma wuta mai tsabta. A Norwe, kusan motoci 9 cikin 10 na sababbin da aka saya a 2024 na lantarki ne zalla, amma kusan dukkan wutar ƙasar daga ruwa da iska take fitowa. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma tana jingine ne da madatsarta ta kan Kogin Nilu mai ƙarfin megawat sama da 5,000. Wannan madatsa guda ɗaya ta kai abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a rana mai kyau, megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda fiye da miliyan 80 daga cikinsu ko waya ba ta kai gidajensu ba. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A Nijar, wadda har zuwa 2023 kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya take zuwa, an ga abin da ya faru da aka katse layin bayan juyin mulkin 2023. Wanda ya yi caji a Agadas ko Arlit kuwa, da kwal ɗin Anu Araren yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan wutar Nepa ce ta zo, da sauƙi. Mafi yawanta daga iskar gas take, ragowar daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma duka biyun sun fi kwal tsabta nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce ranar da ba ta zo ba, Alhaji ya ce wa yaron gida ya tayar da inji a jona mota. Mu yi lissafi. Ƙaramar motar lantarki tana cin kusan yunit 15 zuwa 18 na wuta a tafiyar kilomita 100. Ƙaramin janareta mai shan fetur da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita guda. Ke nan an ƙona lita takwas zuwa tara, ko fiye, don tafiyar da Corolla mai lafiya za ta yi da lita bakwai ko takwas. An biya bashin batir, an tono Kolwezi, sannan aka dawo aka ƙona fetur ɗin da ake gudu, wannan karon a tsakar gida kusa da tagar ɗakin yara. Wannan ba ci gaba ba ne, ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Sai zafi. Batir ba ya shiri da zafi, kuma duk wanda ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san ma'aunin yana wuce 40 ya zauna. Tsofaffin Nissan Leaf na farko, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya shi, sun yi saurin raunana a jihar Arizona ta Amurka. Irin waɗannan ne kuma za su fara cika kasuwar tokumbo, don mu ba sabuwa muke saya ba. Mutum zai sayi mota da batirin da ya ci rabin ransa, bayan 'yan shekaru a ce masa kuɗin sabo ya kusa kuɗin motar. Wa zai gyara? Bakaniken Ƙofar Ruwa da na Panteka gwani ne a kan injin fetur, yana jin ƙararsa ya gaya maka ciwonsa, amma wutar da ke cikin batirin nan tana kashe mutum nan take idan ya taɓa inda bai kamata ba. In batirin ya mutu kuma ina zai je? Mun ga yadda ake yi da ƙananan batiran dalma: ɗan gwangwan ya fasa da guduma, ya tsiyaye ruwan a ƙasa, ya narka dalmar a fili. A garin Ogijo na jihar Ogun, inda masana'antun narka tsofaffin batira suka taru, gwaje-gwaje sun nuna dalma a jinin mazauna. Ƙasar da ba ta iya da batirin kilo goma sha biyar ba, ya za ta yi da na kilo ɗari huɗu mai iya kamawa da wutar da ruwan bokiti ba ya kashewa?

Duk da haka ban yarda masu suka su tafi da tutar ba, domin akwai wata dabara a cikin hujjarsu: suna ƙirga ramin litiyom, su manta da rijiyar mai. Fetur ma tono shi ake yi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyara ɓarnar da malalar mai ta yi wa ruwa da ƙasar yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Har yau ana ƙona iskar gas a sarari a Neja Delta, dare ya zama rana a wasu ƙauyuka. Bambancin kuma a fili yake: ma'adinin batir sau ɗaya ake tono shi wa mota, ya yi shekaru yana aiki, in an so a narka shi a sake amfani da mafi yawansa. Fetur kuwa kullum sai an tono sabo, wanda aka ƙona jiya ya tafi ke nan. Motar da ta yi kilomita 200,000 tana shan lita 8 a kowace 100 ta ƙona lita 16,000 a rayuwarta, rabin tankar mai guda.

Masu binciken da suka haɗa lissafin tun daga rami har zuwa ranar da mota ta zama kwarangwal sun fi karkata ga lantarki. Nazarin cibiyar ICCT na 2021 ya gano cewa matsakaiciyar motar lantarki tana fitar da iskar da ke ɗumama duniya ƙasa da ta fetur da kashi 66 zuwa 69 cikin ɗari a Turai, kashi 37 zuwa 45 a Sin, kashi 19 zuwa 34 a Indiya, inda kwal ya mamaye wutarsu. Ko a ƙasar kwal ma tana gaba, sai dai tazarar ta ragu. Batiran ma suna sauyawa. Yawancin motocin da Sin ke ƙerawa yanzu, irin su BYD, suna amfani da batirin litiyom da ƙarfe da fosfet, wanda babu kobalt ko nikel a cikinsa, ya fi araha, ya fi jure zafi. Wannan bai wanke ramukan Nasarawa ba, amma ya rage wa hujjar Kongo kaifi.

Abin da ya fi damuna da muhawarar shi ne duka ɓangarorin biyu suna magana kamar kowa jif zai saya, ana dai gardama ne kan abin da za a zuba mata. Alhali girman abin hawa da yawan mutanen da ke ciki sun fi nau'in makamashinsa tasiri a lokuta da dama. Motar Hummer ta lantarki da ake sayarwa a Amurka, batirinta kaɗai ya kai kilo 1,300, nauyin ƙaramar mota sukutum, yana ɗaukar yunit sama da 200. Da ma'adinin da ke cikinsa za a iya yi wa adaidaita sahu ashirin ko fiye batir. Can mutum ɗaya ne zai tafi kanti sayen burodi, nan kuwa ɗaruruwan mutane ne za su je kasuwa da makaranta da asibiti kullum. Mota mai nauyi kuma, ko da me take tafiya, tana cin taya, ƙurar tayar kuma a huhu take ƙarewa.

Kuma bashin farkon nan da tafiya ake biyan sa. Motar ma'aikacin da ke zuwa ofis ya ajiye ta a inuwa har la'asar za ta daɗe ba ta biya ba. Ɗan adaidaita da ke kan titi daga asuba zuwa dare, yana neman balas ɗin mai keke da kuɗin mai da na cefane, cikin ɗan lokaci zai biya. Shi ne kuma wanda tsadar mai ta fi ƙuntata wa, shi ne wanda hayaƙinsa ke kusa da hancin jama'a. Batirinsa ƙarami ne, rumfar farantan sola a bakin tasha za ta iya cika shi ba tare da jiran Nepa ba, rana kuwa ita ce abin da Allah ya hore wa Arewa da Nijar ba da awo ba. Kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo da Ampersand a Ruwanda sun riga sun nuna yadda ake yi da babura: ɗan acaɓa ya zo da batirin da ya ƙare, a ba shi cikakke cikin mintuna, batirin kuma na kamfani ne, shi ke da alhakinsa in ya mutu. Indiya, inda kekunanmu na Bajaj da TVS suke fitowa, fiye da rabin masu ƙafa uku da ake sayarwa a can yanzu na lantarki ne. Sai dai a kula, da yawa daga cikin masu arahar batirin dalma suke ɗauke da shi, irin wanda ba mu so ya ƙaru a bolarmu.

Iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke turawa tana da nata gurbin, musamman ga manyan bas-bas da motocin dogon zango. Ta fi fetur da dizal tsabta a titi, muna da ita a ƙasa, amma ita ma ƙona ta ake yi, kuma gidajen sayar da ita a Arewa har yanzu ƙalilan ne.

Ga magidanci mai tsohuwar Corolla da ke tambayar me zai yi, ra'ayina shi ne kada ya ci bashi ya sayi tokumbon lantarkin da zai riƙa cajawa da janareta. Ya riƙe motarsa, ya yi mata juye a kan kari, ya duba iskar taya, ya hana a cire mata indomi, ya ɗauki maƙwabcinsa in hanyarsu ɗaya. Wanda ke da farantan sola a rufin gida, tafiyarsa kuma ta cikin gari ce, ƙaramar motar lantarki za ta amfane shi ta amfani muhalli, da sharaɗin a auna lafiyar batirin kafin ya biya.

Ga gwamnonin Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da hukumomin Yamai da Maraɗi da Damagaram kuwa, in akwai kuɗin da za a kashe a wannan fanni, kada a fara da jerin gwanon motocin manya. A fara da adaidaita da babura da bas-bas na cikin gari, a kafa rumfunan caji na sola a tashoshi, a tura yaran gareji su koyi aikin, a kafa doka cewa duk wanda ya shigo da batir shi zai karɓe shi in ya mutu. A kuma aika masu sa ido ramukan Nasarawa tun yanzu, kafin a sake ƙirga gawarwakin yara kamar yadda aka yi a Zamfara a 2010.